Kura Mai Aron Murya

Daren yanzu hayaniya ce kawai da aka kashe wa fitila. Ni dai haka nake ganinsa. In na kwanta a ƙofar ɗakina, abin da ke shiga kunnena gurnanin manyan motoci ne a kan kwalta, masu zuwa Sakkwato da masu fitowa, sai rediyon maƙwabci, sai injin niƙan da bai san magariba ta yi ba. Kwanan baya ƙaramin ɗana ya dawo daga makarantar boko da wata takarda, an zana mujiya a kai da idanu ƙulu-ƙulu, wai malaminsu ya koya musu dabbobin da ke yawo da dare. Ya jero mini su yana dariya, kamar mai lissafa abokan wasansa. Na tambaye shi ko ya taɓa jin kukan kura. Ya ce a'a. Dajin da kurar za ta tsaya ta yi kukan ma an sare shi, an mai da shi gona, gonar kuma an fara yanka ta ana gina gidaje. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ɗan abin da na samu a ajin manya ne, da shi nake wannan rubutu. Amma dabbobin dare kam an karantar da ni su, kuma ba a takarda ba.

Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Boɗinga da Shagari, ba ya bisa hanya, sai ka ratsa gonaki kafin ka kai. A lokacin da nake magana Nasara ne ke da ƙasa, ko da yake ni ban taɓa sa shi a ido ba, umurninsa kawai ke iso mu ta bakin hakimi. Duhun wancan zamani kuwa duhu ne na gaske, irin wanda za ka ɗaga hannunka ka rasa shi. Fitilar gidanmu ɗan kasko ce da man gyaɗa da tsumma, haskenta bai wuce bakin ɗaki ba. Saboda haka duk aikin yamma tsere ne da rana. A kora kaji cikin akurki a danne ƙofar da dutse. A kwanto awaki daga bakin gona a ɗaure su a turke. A shigo da itace, a rufe randa, a jawo ƙaya a toshe kafar darni, wato dangar karan gida, inda karnuka suka ɓula. Kafin ladan ya buɗe baki kowa ya shige. Yaron yanzu magariba na yi yake wanka ya fita, mu magariba na yi ake ƙirga kawunanmu.

Wadda ta karantar da ni dare kakata ce, uwar babana, sunanta Ige. A ɗakinta na tashi, a bayanta na yi barci, da hannunta na koyi cin tuwo. 'Yar ƙanƙanuwar tsohuwa ce mai kaifin baki, haƙoranta na gaba sun tafi, amma kunnenta ya fi na kowa. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ban son mata mara haƙora, ta ɗaga muciya, in ruga. Bayan an ci tuwo takan shimfiɗa tabarma a bakin ɗakinta, ta tara mu, ni da 'yan yaran maƙwabta. Tatsuniya sai daren farin wata. Sauran darare karatu ne. Takan ɗaga yatsa ɗaya, mu yi tsit, mu kasa kunne ga abin da ke bayan darni.

"Maigida, kukan mi na wanga?"

"Mujiya ta."

"Tana ina?"

"Bisa tsamiya."

"To mi aka yi in ta yi kuka?"

"A ce a'uzu billahi, a ja ƙafa cikin ɗaki."

"Madalla. Ashe kan nan naka ba ƙwarya ba ce, da abu ciki."

Haka ta bi da mu ɗaya bayan ɗaya har muka san su kamar mutanen unguwa. Dila, wanda kukansa ke kama da na jinjirin da aka yar a daji, don mai tausayi ya fita dubawa. Yautai, tsuntsun nan da ke kwanciya a tsakiyar hanya da almuru, in ka matso ya tashi kaɗan ya sauka a gabanka, ta ce kada a bi shi, ba ya kai mutum gida. Budari, wanda ba a ganinsa sai dai warinsa ya tashe ka, da safe ka tarar da gashin kaza. Gafiya mai kwasar hatsi a ƙarƙashin rumbu. Kububuwa da ke fitowa ta kwanta bisa rairayi mai ɗumi in rana ta faɗi, shi ya sa ba a tafiya ana jan ƙafa. Bushiya kaɗai ta yafe wa, ta ce baiwar Allah ce, ba ta da abin faɗa sai ta dunƙule. Da safe wani lokaci takan ja ni bayan gida ta nuna mini sawu a ƙasa, ta ce ga wanda ya zo gaishe mu jiya muna barci. A can gefen gonarmu kuma akwai wani tsohon suri, da rami a gindinsa, ta ce na dabgi ne, dabbar nan mai dogon baki da ke tonon gara. Ta ce shi dabgi tona yake ya tashi, wanda ya gaji ramin ne abin tsoro.

Duk waɗannan share fage ne. Babban karatun na kura ne, kuma in za ta yi shi sai ta rage murya har sai mun matso jikinta. Ta ce idanun kura kamar garwashi biyu suke a duhu. Ta ce ƙashin jaki take taunawa kamar yadda muke tauna rake. Wannan duk mun iya ɗauka. Abin da ke sa fitsari ya matse mu shi ne na ƙarshe.

"Kura ba ta karya ƙofa, ɗiyana. Ba ta da buƙata. Da rana tana kwance cikin ciyawa tana sauraren gari, tana koyon muryar kowa. Dare na yi sai ta zo bayan darni, ta ari muryar wanda ka sani, ta kira sunanka. Kana amsawa ta san inda kake. Don haka in dare ya yi, ka ji an kira sunanka, ba ka ga mai kiran ba, kak ka amsa. Ko muryar wa ka ji. Ko tawa ta."

"Ko taki, Ige?"

"Ko tawa. Ni in ina buƙatarka, kunnenka nika kamawa."

Yau na san rabin wannan karatu gaskiya ne, rabi ƙarya, kuma na san ita ma ta sani. Ban ga laifinta ba. A shekarar da ta fi matsa mana da shi, an kwashe mazan garin an kai su aikin hanyar Nasara, har da babana. Dogarai suka zo da saƙon hakimi, kowane gida ya ba da ƙato, suka tafi da kwanduna da magirbai, ba wanda ya faɗa mana ranar dawowarsu. Aka bar mata da yara da tsofaffi. Namun daji kuwa suna sanin garin da ba maza. Kukan da muke ji can nesa ya matso, har wata safiya aka ga sawun kura a bakin rijiya. Tsohuwa da ke riƙe da yara a gidan da katangarsa kara ce, ƙofarsa asabari, da me za ta kulle su? Da tsoro ta kulle mu, kuma ya kullu.

Sai in faɗi wani abu game da mahaifiyata, don wanda ya tashi yanzu ba lalle ya gane ba. Ni ne ɗanta na fari. A al'adarmu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma a lokacin ita ce mutuncin mace. Yanzu ina jin matan unguwa suna tsayawa a ƙofar gida suna ƙwala wa ɗan fari kira har a ji a kasuwa, ba wanda ke ɗaga kai. Inna kuwa, da aka auro ta daga wajen Sifawa tana yarinya, ta riƙe wannan kunya da hannu biyu. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta ba ni fura sai ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ta ce, "Ige, ga ta wancan." In na faɗi na fasa gwiwa sai ta juya ta ci gaba da tankaɗe, Ige ce mai zuwa da gudu. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari. Na dai san abu ɗaya kamar yadda na san wuta na ƙuna: Inna ba ta kiran sunana.

Abin ya faru a ƙarshen damina, an yanke gero, dawa na tsaye ta fi ƙato tsawo. Ni kuma haƙoran gabana sun faɗi, sababbin ba su gama fitowa ba, ka san girmana ke nan. Da babana na gida ba za a aike ni kwanto akuya ba, amma ba ya nan, Ige kuma ranar ƙafarta ta kumbura. Ta ce in yi maza, rana ta yi ja. Akuyar wata ja ce mai taurin kai, tana ɗaure a bakin gonarmu. Ina kwance igiyar daga turke ta fizge, ta faɗa cikin dawa. Na bi ta. Ina jin ƙarar ganye a gabana, in ce ga ta nan, in ƙara gaba, ta ƙara. Da na tsaya don in huta sai na ga ba na ganin ƙafafuna sosai. Na juya in koma, ko'ina kara ne iri ɗaya, sama kuma ganye ya rufe. Wanda bai taɓa shiga dawa da almuru ba bai san ɓata ba. Gari na iya zama kusa da kai kamar daga nan zuwa masallaci, amma ba gabas ba yamma. Na ji kiran salla sama-sama, na nufi inda nake zaton ya fito, ashe nisa nake ƙarawa. Na yi ta gudu, ganyen dawa na yankar fuskata, har na yi karo da wani tudu na faɗi. Na shafa, na ji surin nan ne, ga ramin dabgi a gindinsa.

A nan na ji ta. Kukan kura daga ƙasa yake farawa, kamar mai nishi cikin tulu, sannan ya ɗaga sama ya tsinke. Na sha jin sa ina bayan Ige, da bango tsakaninmu. Wannan karon ba bango, kuma ba nisa. Ban yi shawara da kowa ba, na juya na shiga ramin da baya, ƙafa farko, ina jiran abin da ya gaji ramin ya kama ni. Ba abin da ya kama ni. Na cusa jikina har kafaɗa ta shige, na bar fuskata wajen baki, ƙasa na zubo mini a wuya, wasu ƙananan abubuwa na bin cinyata, ban motsa ba. Jim kaɗan sai akuyarmu ta yi kuka. Na san muryarta. Kuka ɗaya ta yi mai tsawo, irin wanda ban taɓa ji daga bakin dabba ba, ta fara na biyu aka katse shi. Daga nan sai ƙarar kara na karyewa, ana jan abu. Sai kuma wata ƙara, ƙas, ƙas, wadda ba sai an faɗa mini ta mece ce ba. Na jiƙa wandona, na ji ɗumin, ban ji kunya ba. Na sa hannu na toshe bakina don haƙorana sun fara haɗuwa.

Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Taunar ta tsaya. Gyare ma suka yi shiru. Sai na ji an kira ni.

"Ummaru!"

Muryar mace ce, daga nesa kaɗan. Na buɗe baki zan amsa, sai aka sake kira, wannan karon kusa, na gane muryar. Ta Inna ce.

"Ummaru! Ummaru, kana ina? Ummaruna!"

Na mai da hannuna na danne bakin da ƙarfi har na ciji tafina. Da muryar Ige na ji, wataƙila da na yi shakka. Da ta maƙwabciya ce, wataƙila da na amsa. Amma Inna? Inna da ko a ɗaki mu biyu ba ta faɗin sunan nan? A raina na ce kurar nan ta yi wayo amma ta yi kuskure, ta ari muryar da ba ta kirana. Ta gama da akuya, yanzu ni take nema. Muryar ta yi ta matsowa, tana karyewa, tana kuka, tana haɗa ni da Allah da Annabi in amsa. Duk yadda ta ƙara roƙo, haka na ƙara tabbata. Sannan ta tsakanin kara na hango jan haske guda biyu, suna tafe suna lilo, kamar garwashi. Na rufe ido. Na ji takun tafiya ya zo, ya wuce ta bayan surin, kusa har ƙasa ta zubo mini a ka. An kira sunana a saman kaina. Na ɗauke numfashi, na karanta ɗan abin da na iya na Fatiha a zuci, ina tsallake inda na manta. Takun ya yi gaba. Muryar ta yi nisa, ta dushe, har na daina jin ta. Na gode wa Allah da ya tsirar da ni. Ina cikin godiyar, can ta wani gefen daban, kurar gaske ta sake yin kuka.

Abin da ya faru a wajensu, Ige ce ta ba ni labari daga baya. Da aka idar da salla ba ni ba akuya, ta rarrafo waje tana kururuwa. Mazan da suka rage a gari tsoho Ladan ne da wasu irinsa masu dogara sanda. Aka kunna bakin wuta, mata suka fito. Inna, wadda ko ƙofar gida ba ta cika leƙawa ba, ta karɓe wuta daga hannun wata ta shige dawa ba mayafi, Ladan na bin ta da tasa wutar yana haki. Su ne garwashin da na gani. Sun zaga, sun dawo bakin gona inda aka zaunar da Ige, a hannun Ladan ga guntun igiyar akuya jiƙe da jini. Mata suka ɗora hannu a ka. Ladan ya ce, "Ige, sai haƙuri. Mun kira har murya ta ƙare. Da yaron ga na da rai, da ya amsa."

Ige ta ce ita a nan ne abin ya faɗo mata kamar an doke ta da tabarya. Ta ce musu, "Ku yi mani shiru. Yaron ga ba ya amsawa ko shina da rai. Ni na ɗinke mishi baki da hannuna." Ta faɗa musu karatun da take mana. Wata ta ce to a kira shi da muryar Ige mana. Ta ce, "Har tawa na hana shi." Ladan ya ce a jira asuba. Ige ta ce kurar da ta ɗanɗana akuya ba ta jiran asuba. Sannan ta ce a je gida a mirgino turmi.

"Turmi, Ige? Da daren ga? Ba a daka da dare."

"Yau ana yi. Ku kawo shi, ku kawo tabaryar surukata."

Ni ina cikin rami, jikina ya sandare, sanyi ya fara shiga ƙashina, na ji wani abu da bai kamata a ji a wannan lokaci ba. Dum. Dum. Dum. Na ɗauka zuciyata ce. Na saurara, na ji daga waje yake, daga hannun hagu. Daka ake yi. Kowace mace da hannunta a turmi, yaron gida kuma ya san na gidansu ko cikin barci. Inna in ta yi bugu uku sai ta cilla tabarya sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta ci gaba. Na ji dum, dum, dum, sai tafi. Dum, dum, dum, sai tafi. Na kwanta ina ta juya abin a ɗan kaina. Ige ta ce kura na aron murya. Ba ta taɓa cewa tana aron turmi ba. Murya a baki take, kura na da baki. Amma tafi sai da hannu. Na yi ta neman inda kura za ta samo hannu, ban samu ba.

Fitowa daga ramin nan ita ce abu mafi wuya da na taɓa yi, har yau da furfura ta fara mini. Ƙafafuna sun mutu, sai da na ja jiki da gwiwar hannu. Na miƙe na faɗi, na sake miƙewa. Na san kurar na nan cikin dawar tare da ni, ban san ta wane gefe ba. Ban yi gudu ba, don Ige ta ce gudu ke tada ta. Na riƙa tafiya ina laluben kara, in dakan ya koma dama in juya dama. A wani wuri na taka abu mai laushi da danshi, na ji warin tumbi, ban duba ba. A bayana kara ya motsa, ko iska ce ko ba iska ba, Allah ya sani, ban waiwaya ba. Dakan dai bai tsaya ba, yana ƙara ƙarfi, har na fara ganin haske ta tsakanin ganye, wannan karon mai yawa, da inuwar mutane. Na tsaya a bakin dawar ina leƙe, don har lokacin ban gama yarda ba. Na ga turminmu a tsakiyar fili. Na ga Inna, kanta ba ɗankwali, zufa ta jiƙa ta, tana dukan zangarniyar dawar da aka karya aka jefa ciki, ta riga ta zama gari tun tuni amma ba ta daina ba. Sannan na fito.

Wata mata ce ta fara ganina ta yi salati. Ige, da ƙafarta mai kumburi, ban san yadda aka yi ta riga kowa isowa ba. Ta kama kunnena ta murɗe, ta ɗaka mini duka a baya, sannan ta rungume ni tana kuka tana zagina. "Ragon miji! Mijin banza! Ka bar ni in yi takaba da tsufana? Wa zai aure ni?" Ladan na ta hamdala, mata na shafa ni suna duba ko da rauni. Ni kuwa ta saman kafaɗar Ige Inna nake kallo. Ta tsayar da tabarya, ta jingina da ita kamar za ta faɗi. Ta dube ni sau ɗaya, daga kai har ƙafa, sannan ta kau da fuska. Da ta yi magana muryarta ta shaƙe, da ƙyar ake ji.

"Ige, ga mijinki nan."

Ta saɓa tabaryarta ta yi gaba.

A hanyar gida, da hankali ya fara dawowa, bakin mata ya buɗe. Wata mai son tsokana ta ce, "Oh ni, yau mun ji abin da ba mu taɓa ji ba. Ashe 'yar Sifawa ta san sunan ɗanta. Har da Ummaruna!" Aka fara dariya. Na ga bayan Inna ya ƙage, ta sunkuyar da kai, ta ƙara sauri. A wancan zamani wannan magana za ta bi mace har tsufanta, a rijiya, a gidan biki, ko'ina. Ige ta tsaya cak a tsakiyar hanya, tana riƙe da hannuna.

"Wa kunka ji?"

"Haba Ige, duk gari ya ji."

"Ba wanda ya ji surukata. Kura ce ta ari muryarta. Ku tambayi Maigida, shi da ke kusa. Maigida, wa ya kira ka?"

Na ce, "Kura."

"To kun ji. Wadda ta sake cewa wani abu, ta zo ta same ni."

Ba wadda ta sake cewa komai, a ranar ko bayanta. Garin ya tsaya a kan kura ce. Babana da ya dawo daga aikin hanya, ya rame, kafaɗunsa duk kanta, haka aka ba shi labari, haka ya karɓa. Ige ta ci gaba da tara yara a bakin ɗakinta, tana koya musu mujiya da dila da budari, har da idanun kura da taunar ƙashi. Amma zancen aron murya ban sake jin ta yi wa wani yaro shi ba. Ƙannena da suka taso ba su san shi ba sam.

Ni kuwa ban daɗe ba na gane. Yaro ba ya zama yaro har abada. Na girma, na yi aure, Ige ta rasu, daji ya ƙare, kuraye suka tafi inda suka tafi. Inna ta tsufa a gidana, tana kiran 'ya'yana da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana musu wasa, ni kuwa har lokacin wancan take ce mini. A ciwonta na ƙarshe, wata rana da la'asar, mu biyu ne a ɗaki, ina ba ta kunu a ludayi. Na daɗe ina riƙe da tambayar, na ga in ban yi ta ranar ba, ba zan yi ta ba. Na ce, "Inna, daren da na ɓata cikin dawa, wa ya kira ni?"

Ta juya fuskarta wajen bango, kamar yadda ta saba.

Ta ce, "Ko wa ya kira, ai ba ka amsa ba."